Faya-fayan Raihana a Kan Kwano

Litinin, 3 ga Yuni

Na shanya faya-fayan garmahon 'yata Raihana. Eh, shanya. Rufi ya yi yoyo, ruwa ya jiƙa kwalinta, ita kuma ba ta gida. Ni da na shekara talatin ina sayar da barkono a kasuwar Ose Okwodu, maganin jiƙaƙƙen kaya ɗaya na sani: rana. Na hau kwano na jera su goma sha ɗaya, har ina yaba wa kaina. Kafin azahar sun lanƙwashe kamar ganda a wuta. Wa ya rubuta cewa ba sa son rana? In ma an rubuta, da Japananci ne. Ni ko bokon gida a aji huɗu muka rabu.

Talata, 4 ga Yuni

Ba ta yi kuka ba. "Sannu da aiki, Baba." Shi ke nan. Gara ta zage ni.

Shekara biyu ke nan da ta tsinto su da garmaho wajen mai kayan kwantena. Waƙoƙin jaz na matan Japan, in ji ta. Kullum da safe mace ɗaya take sawa, murya kamar mai mura, kiɗa na bin ta saɗaf-saɗaf. Na sha cewa a kashe. Shi ya sa uwarta Safiyatu ta ce, "Malam, tsakaninka da Allah ba da gangan ba ne?" Matata ke nan!

Laraba, 5 ga Yuni

Ashe ran Asabar za ta yi gwajin shiga makarantar waƙa a Enugu, kuma waƙar mai murar za ta yi. Kalmomin suna bayan kwali, amma karin baitin ƙarshe bai zauna mata ba. Ita da uwarta sun duba waya, babu. Ba wanda ya gaya mini. A gidan nan sai famfo ya lalace ake tunawa da ni.

Alhamis, 6 ga Yuni

Mijinyawa maƙwabcin rumfata ya ce in shimfiɗa zane in bi da dutsen guga. Na gwada ɗaya. Saura goma. Allah ya isa, Mijinyawa.

Juma'a, 7 ga Yuni

Ina auna barkono, Raihana ta kawo mini abinci, sai ta tsaya cak.

"Baba, sake."

"In sake me?"

"Abin da kake yi da hanci. Wurin da na manta ne."

Ni ban san ina yi ba, wallahi. Mai murar nan ta shige kaina ba sallama. Haka na tsaya tsakiyar kasuwa, da gemuna da hulata, ina gunjin Japan sau shida tana ɗauka a waya. Masu okada suka taru. Mijinyawa ya yi dariya har ya zauna cikin albasarsa. "Baba, nan kana sauka da yawa," in ji ta. Gyara ni ma take!

Asabar, 8 ga Yuni

Na raka ta tasha. Na ce Allah ya ba da sa'a, na ce ta riƙe jakarta, na ce direban bai yi mini ba. Wanda na tanada tun Litinin ya maƙale a wuya: yi haƙuri. Gobe za ta dawo, yana nan yana jirana.

Safiyar yau gidan ba daɗi. Ba kewar mai mura nake ba. Shirun ne ya yi yawa.