Alhudahuda a Gindin Turmina

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, irin wadda ta kamaci mijin da na zauna da shi shekara talatin da ɗaya, ina fatan kana cikin ni'imar Ubangiji a makwancinka. Mu nan Wudil lafiya lau muke. Yara da jikoki duk kalau, awaki sun ƙaru da biyu, rufin kicin da ka ce za ka gyara bayan Sallah kuwa yana nan yana jiranka.

Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake. Masu bin shafina na intanet ne za su karanta, to su karanta, amma ni da kai nake. Dalilin rubutun kuma guda ne: gardamar nan tamu ta alhudahuda ta zo ƙarshe, kuma ba kai ka ci ba.

Bari in tuna maka tun daga tushe, don na san halinka. In magana ta juya maka baya sai ka ce kai ba ka tuna an yi haka ba.

Sana'arka ɗaukar hoton mutane a shagonka na bakin titi kusa da gada: fasfo na ɗaliban jami'a, amare, da fatake masu sabuwar riga ranar kasuwa. Amma zuciyarka tana wajen tsuntsaye. Kullum kana cewa mutum in ya ga kyamara sai ya gyara fuska ya yi maka ƙarya, tsuntsu kuwa yadda Allah ya yi shi haka yake tsayawa. Ni ina yi maka tsiya, ina cewa ban taɓa ganin kurciyar da ta dawo karɓar hotonta ba.

Ka dai san duk da tsiyar ina son su. Bayan gidan nan namu, daga gindin darbejiya zuwa garken awaki, wa ya kai ni sanin mutanensa? Bainu, 'yan jajayen nan da ba su fi babban yatsa ba, su ne nawa na farko. Sukan zo har kan tabarma su tsinci tsaki kamar da su aka sayi geron. Kurciya kuma ba ta sauka ita kaɗai, sai da mijinta, su yi ta rausaya wuya a bakin kaskon ruwa. Tsiriya ɓarauniya ce, ta ciji gwaiba sau ɗaya ta yar ta nufi wata. Sai cilakowar nan da ta ɗauki gaba da madubin babur ɗinka, kullum da safe tana sarar abokiyar faɗanta a ciki, kai kana dariya har hularka tana faɗuwa. Duk waɗannan ka ɗauke su. Har hankakan da ya gudu da sabuluna kana da shi, da sabulun a baki.

Guda ɗaya ce ta gagare ka, alhudahuda da tukkunta a buɗe. Kana kiranta tsuntsuwar Annabi Sulaimana, kana cewa in ka same ta ka gama sana'a. Ranar Lahadi sai ka hau babur, yau Lajawa, wani mako Kausani, ka dawo da ƙarangiya a wando da hoton wutsiya ko na reshe tsura.

Wata rana na ce maka, Malam, wannan da kake ƙona mai a kanta, ai nan take zuwa gindin turmina da hantsi. Ka ajiye cokali ka kalle ni. Abin da ka ce har yau yana kunnena: "Binta, ko dai zakaran maƙwabta kika gani?"

Wallahi na ji haushi. Ni da na yi shekaru ina koyar da 'ya'yan mutane a firamare, a ce ban san zakara ba. Na dage, har ka yarda ka rufe shago kwana uku ka zauna gadi.

Ka tuna shirin da muka yi? Ka ce tsuntsun daji ba ya son hayaniya. Aka kifa turmi. Aka kai awaki gidan ƙanenka. Ka hana ni wanke-wanke a wajen, ka sa na share ƙasar tas, har rediyo aka kashe. Ka tsuguna bayan rumbu da farar riga, ni ina leƙe ta taga ina addu'a a zuci. Kwana uku cur, ko inuwarta ba mu gani ba. A rana ta uku ka miƙe kana dafe da ƙugu, ka ce baƙuwata mai kunyar maza ce.

Ba ka tsaya nan ba, sai da ka kai wa amininka Alhaji Sule mai wankin hoto labari. Tun daga ranar, in ya zo gidan nan ya gama gaisuwa sai ya ƙara da tambayar yaya baƙuwar gindin turmi, ku kwashe da dariya ku biyu. Shekara tara ana wannan. Ita kuwa, da ka koma shago da kwana biyu ta dawo abinta. In na faɗa maka da yamma sai ka ce in gaishe ta.

Sai Allah ya yi ikonsa, bara da kaka.

Ba zan cika ka da labarin kuka ba, an yi wanda aka yi. Abin da nake so ka sani shi ne, duk tsawon takaba ban taɓa taɓarya ba. Dangi ke aiko da abinci, turmi yana kife, bayan gida ya bushe ƙamas. Ina zaune wuni guda ina kallon wajen ta ƙofar ɗaki, ban ga alhudahuda ko sau ɗaya ba. Har na fara cewa ko ita ma ta bi ka ne.

Da na fita takaba sai na yi kwaɗayin furar hannuna. Na tada turmi na surfa gero, na wanke, na ba awaki ƙasari, ragowar na watsa a gefen garke inda na saba. Kwana na huɗu da komawata surfe, ina zaune ina tsince tsakuwa a faifai, sai ga ta ta diro. Tana taɓa ƙasa tukkun ya buɗe, ruwan goro da baƙi a bakin kowane gashi, sannan ta naɗe shi ta shiga caka dogon bakinta a danshin nan tana zaro tsutsa.

Nan na saki faifai na riƙe baki. Ashe danshin take bi, Malam. Ruwan da nake watsawa shi ke tausasa ƙasa, kashin awaki ya tara mata ƙwari, ƙarar turmi kuwa ta saba da ita kamar yadda muka saba da ƙarar manyan motoci a kan gada. Mu kuma da wayonmu muka kife turmin, muka kori awakin, muka share wajen ya bushe, sannan muka zauna jiran baƙuwa. Mun gayyaci mutum cin tuwo mun kashe wuta. Na yi dariya ni kaɗai har hawaye, kuma ba zan ɓoye maka ba, da hannuna a wannan wautar, tunda ni na yi sharar.

A ranar na buɗe jakarka na ɗauko kyamara. Ban manta abin da kake faɗa ba in kana koya mini ina ƙi: "Ki riƙe numfashi, sannan ki danna."

Faɗa da baki ne mai sauƙi. Tukkun nan ba ya daɗewa a buɗe, ƙiftawar ido ne, daidai lokacin da ta sauka. Kafin in goge hannu a zane in ɗaga kyamara ta naɗe abinta. Mako biyar ina fama. Ina da hoton ƙasa, ina da na katanga, ina da na akuyar nan mai kunne ɗaya tana kallona kamar ta san ban iya ba. A nan na daina yi maka dariyar hoton wutsiya.

Daga baya na yi dabara irin tamu ta mata. Na lura wuri ɗaya take sauka, tsakanin turmi da turken akuya. Sai in gama surfe in watsa ruwa, in zauna a kujerata in miƙe ƙafa, kyamara a cinya an riga an saita ta a wajen, faifai a kanta, yatsana a kan madanni. Ba na ɗaga komai, ba na kallon tsuntsuwar ma sosai. In ka gan ni sai ka ce tsintar gero nake.

Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, na ji fiffikenta. Na riƙe numfashi na danna.

Malam, ta fito. Tukku a buɗe gaba ɗaya, kowane gashi ana iya ƙirga shi, fiffike mai zanen baƙi da fari bai gama rufewa ba, rana ta bugi idonta. Hoton ya ɗan karkace, ban musa ba. A gefen dama ga gindin turmina, a ƙasa kuma ga yatsun ƙafata da lallen sunan jikarka.

Na saka mayafi na tafi wajen Alhaji Sule da kaina. Ya ce zai yanke ƙafar daga hoton ya fi tsari. Na ce in ya taɓa ƙafar nan ni da shi ne, ita ce shaidata. Da ya wanko ya daɗe yana kallo, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Bai tambaye ni baƙuwa ba a ranar. Cewa ya yi in yafe masa, in yafe wa amininsa.

Na ce babu abin yafewa, kuma gaskiyata na faɗa. Sai da na kamo hanyar gida da hoton a hannu na gane abin da na yi. Shekara tara muna jan maganar nan, a kan tabarma, a gaban baƙi, har a gadon asibiti ka tambaye ni ita kana murmushi. Bayan tafiyarka ma ban daina ba, ina surfe ina ba ka amsa a raina. Yanzu na kashe gardamar da hannuna, na shigo gida da nasara, babu wanda zan yi wa gori. Na yi murna, Malam, murna sosai, kuma na yi kewarka a ranar fiye da kowace rana.

Amma kada ka ɗauka ka tsira. Kalma uku nake jira daga bakinka, "Kin yi gaskiya," kuma ban karɓi ta Alhaji Sule a madadin taka ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yafe maka kurakuranka. Allah ya saka maka da alheri a kan dariyar da ka cika gidan nan da ita. Ya kyautata tamu in ta zo, ya haɗa mu a Aljanna Firdausi. In mun haɗu, bayan gaisuwa, ka san maganar da zan fara da ita. Ka tanadi amsarka.

Taka har kullum,
Binta