Malam, Gilashin Kifinka Ya Washe

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Babu direban da zan ba wa ita, babu wanda zai karanto maka. Amma magana ta cika mini ciki, kuma duk garin Haɗeja ban ga wanda zai zauna ya saurari zancen kifi daga bakin tsohuwa ba in ba kai ba.

Gida lafiya. Damina ta yi ƙarfi bana, kogi ya cika har ya hau gonakin shinkafa na fadama, amma bai shigo unguwarmu ba. An mayar da Hauwa aiki asibitin Malam Madori, tana leƙo ni idan ta samu hutu. Abba yana Kano da iyalinsa. Ƙaramarsu ta fara tafiya, ba ka gan ta a tsaye ba.

Zancen akwatin kifinka ne ya sa na ɗauki biro.

Ka tuna ranar da Abba ya kawo shi, bayan ciwon suga ya sa an yanke maka ƙafa? Kai da aka haifa a gidan masunta, kai da duk shekarun koyarwarka ba ka taɓa barin hutu ya wuce ba ka shiga kwalekwale ba, sai ga ka an ajiye maka ruwa a gilashi da ƴan kifaye kamar yatsa. Dariya ka yi, ka ce waɗannan ko kyanwa ba za su ƙosar ba. Amma ba a jima ba ka raɗa musu suna. Mai jar wutsiyar nan ka ce Jan Wutsiya, ƙaton da ke ture kowa wajen cin abinci ka ce Ciyaman. Har ciyawar ruwa ka dasa musu da hannunka.

Da ina takaba na riƙa zuba musu abinci safe da yamma yadda na ga kana yi. Iyakar abin da na sani ke nan. A hankali gansakuka ta fara kama gilashin, tun ina gogewa da tsumma tana dawowa, har ta kai sai na kanga fuskata kafin in ga wulgawar kifi. Ashe akwai aikin da kake yi wanda ban taɓa lura da shi ba. Me ya sa ban tambaye ka ba? Me ya sa kai ma ba ka ce in zo in koya ba?

Da na fita takaba Abba ya zo. Ya tsaya a falo ya dubi koren gilashin, ya ce in haɗa kayana in koma wajensa Kano, wai zaman kaɗaici ba zai bar ni lafiya ba. Ya ce akwatin a kyautar da shi, ai ga shi ma ya mutu. Na san tausayi ne ya sa shi faɗa, amma kalmar ta soke ni. Na ce ya bar ni zuwa ƙarshen damina.

Fitata ta farko bakin kogi na nufa, wajen abokinka Ɗanjuma masunci. Ya tsufa ƙwarai, Malam. Na same shi yana ɗinkin koma a gindin giginya, da ya gane ni sai ya ajiye allurar. Na gaya masa damuwata. Ya ce shi dai a kogi ya san masu sharar ƙasan ruwa, dodon koɗi da ƙaguwa. Kafin in taso ya sa an kamo mini ƴar ƙaramar ƙaguwa da katantanwa cike da gwangwani.

Allah ya taimake ni Hauwa ta kira ina shiga gida. Da na gaya mata abin da ke hannuna har ɗaga murya ta yi. Ta ce katantanwar kogi ita ke ɗauke da tsargiya, kullum tana ganin yaran fadama da ke fitsarin jini a asibiti, in ban fitar da su daga gidan ba yau za ta taho. Na fitar da su, na wanke hannu da sabulu. Ƙaguwar kuwa Hauwa ba ta hana ni ita ba, ni ma ban ga laifinta ba, na saka ta.

Da safe na tarar da rabin Jan Wutsiya a kan yashi.

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka fita da kai. Ranar nan mutane sun cika gida, kowa yana cewa in yi haƙuri, sai na haɗiye. Wannan karon babu mai cewa komai. Da na gaji na sa ludayi na kwashe ƙaguwar, na mayar da ita kogi da kaina. Ban gaya wa Ɗanjuma ba. Abin da ya sani ya ba ni, kuma da zuciya ɗaya.

Hauwa ce ta haɗa ni da Nasiru, mai shagon nan na Kano da kake sayen abincin kifi a wajensa. Muna gaisawa ya ce ina Baba, kwana biyu bai ji muryarka ba. Ashe labari bai kai masa ba. Ni na gaya masa, kuma shi ne mutum na farko da na faɗa wa da bakina. Ya yi salati, ya yi ta addu'a, ya ce kai kaɗai ne mai kiransa don kawai ka ba shi labarin abin da kifi ya yi.

Sannan ya shiga yi mini tambayoyi kamar likita. Waɗanne irin kifaye ne, ruwan rijiya nake zubawa ko na burtsatse, akwai ciyawa a ciki, rana tana dukan gilashin? Ya ce in janye akwatin daga bakin taga, in rage abinci, in riƙa canja wani ɓangare na ruwan, ba duka ba. Ya ce kada in ƙara saka duk wani abu mai almakashi a hannu. Daga nan ya turo hotuna a wayar Hauwa ya ce in zaɓa. Akwai wani ƙaton dodon koɗi ruwan gwal, kyakkyawa, amma ya ce yana iya cinye ciyawarka. Akwai ƙanana masu tsini da ya ce in suka fara haihuwa sai sun fi yashi yawa. Akwai masu zane baƙi da rawaya, aikinsu lasar gansakuka, kuma ba sa yaɗuwa a ruwan daɗi. Sai wasu ƴan jatan lande jajaye, ba su kai ƙwayar wake biyu ba, masu tsince abin da ya faɗi ƙasa. Su kuma ya ce sai da maɓoya, in ba haka ba Ciyaman zai yi kalaci da su.

Na daɗe riƙe da wayar nan. Ka san tun da aka kawo ni gidanka ko labule ban taɓa zaɓa ba tare da na ce maka kana ganin yaya ba. Hauwa ta ce Umma ki faɗi ɗaya mana, ba aure za ki ɗaura musu ba. Ba ta gane ba. Wa zan tambaya? Na bar mai ruwan gwal saboda ciyawarka. Na ɗauki masu zanen, na ɗauki jajayen.

Direban Kano ya kawo su a leda cikin kula. Na fasa tsohon tulunmu na wanke, na jera ɓallayen a ƙasan ruwa suka zama ƴan ɗakuna. Na ɗora ledar a saman ruwa har zafinsu ya daidaita, yadda Nasiru ya ce, sannan na sake su da bismilla. Jajayen suka ɓace cikin ciyawa nan take. Masu zanen suka manne da gilashi suka fara aiki, kowanne yana barin farar hanya a bayansa. Da la'asar nakan zauna in bi hanyoyin nan da ido. Yanzu daga bakin ƙofa ina hango Ciyaman, yana nan da halinsa.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Na sha yi maka mita a kan ƙarar injin nan mai hura wa kifin iska, amma shekarun da muka yi a gaban gilashin su ne na fi so a duk zamanmu. Da can makaranta ta ɗauke ka da safe, kogi ya ɗauke ka da hutu, ni sai abin da ya rage. Da ka zauna, sai na samu mai ba ni labarin tarwaɗa da gargaza da yadda ruwa ke shiga dausayin Baturiya da damina. Na san kana kewar kogi, ina ganin haka a idonka duk sanda aka yi ruwa. Kunya ta hana ni ce maka ni kam na ji daɗin zamanka kusa da ni. Ka sani kuwa? Ko ka tafi kana zaton nauyi ka zame mini?

Na gaya wa Abba ba zan taho bana ba. Ya ce zai aiko da babban batir don kada injin ya riƙa tsayawa in babu wuta. Ban ce masa zaman yana da daɗi ba, don ba shi da shi. Gidan ya yi girma. Ina dafa abinci har yanzu ya yi mini yawa.

Jiya da hantsi na ga ɗaya daga jajayen kwance a kan yashi, fari fat, ba motsi. Na ce shi ke nan, na sake kashe wani. Na sa cokali na ɗauko shi, sai na ga babu komai a ciki, ɓawo ne kawai. Na leƙa ƙarƙashin ɓallen tulu, sai ga mai shi a laɓe, ja jawur, yana ta motsa ƴan ƙafafunsa. Ashe saɓa suke yi kamar maciji. Daɗi ya kama ni, ban san sanda na juya na ce Malam zo ka gani ba. Da ƙarfi na faɗa, har kaji suka watse a tsakar gida.

Na tsaya da cokalin a hannu har ruwan ya gama ɗiga.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya haskaka makwancinka, ya shayar da kai daga ƙoramun Aljanna. In tawa ta zo, Allah ya sa in same ka. Na bar ka lafiya.

Matarka,
Rabi