Katangar da Baba Ya Gina

Talata, 23 ga Agusta, 1955

Ruwan jiya ya ka da katangar dandalin kokawa ta wajen gabas. Na je na auna da ƙafata, taki goma sha ɗaya ne ya zube. Akuyar wani ce kawai ta mutu, alhamdu lillahi. Tun kafin in iso mutane sun cika wurin, kowa ya zama magini. Ni da nake Sarkin Maginan Batsari ba wanda ya tambaye ni komai.

Baba ne ya gina dandalin nan shekarar da aka haife ni, katanga da dakalan zama hawa uku. Yau shekara arba'in da shida. A nuna mini ginin ƙasa da ya kai haka yana ɗaukar mutum ɗari biyar kowace kaka.

Alhamis, 25 ga Agusta

Kasuwa. Ba zancen da ake yi sai na dandali. Mani Sarkin Pawa ya kira ni rumfarsa, ya ce ya ji wai En'e za ta rushe shi gaba ɗaya a yi sabon fili bayan makarantar elementare, inda yara za su riƙa buga ƙwallo. Ƙwallo! Manya su yi kokawa a inda yara suka gama guje-guje.

Na ce masa a ba ni mutum ashirin da kwana talatin, in ban mayar da katangar nan yadda take ba a tuɓe ni. Ya ce shi da mahauta duk suna bayana.

Litinin, 5 ga Satumba

Malam Daudu, malamin ayyuka na En'e, ya zo daga Katsina da wani Bature mai jan wuya. Baturen bai yi rabin sa'a ba. Ya zaga, ya soka sandarsa a gindin katanga, ya faɗi wata magana, ya koma mota. Daudu ne ya tsaya. Yaro ne, bai fi talatin ba, ga fensir a bayan kunne. Ya gaishe ni da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma sai cewa ya yi, “Baba, ginin nan ya gaji.”

Na ce gini ba jaki ba ne da zai gaji. Na tambaye shi ko ya taɓa cura tubali ɗaya da hannunsa. Ya yi dariya ya ce bai taɓa ba. To!

Ya daɗe tsaye yana kallon kududdufin da ke bayan katanga. Ya rubuta wani abu a littafinsa. Ni ma ai ina da littafi yanzu, ba a banza na yi shekara biyu a ajin yaƙi da jahilci ba.

Laraba, 7 ga Satumba

Wai ya gaji. Har yanzu maganar na ci mini rai.

Jumma'a, 16 ga Satumba

Bayan an sauko daga masallaci Hakimi ya tara mu a zaure. Daudu ya yi bayani: abu biyu ne, ko a gyara tsohon, ko a tashi a koma sabon fili, En'e ba za ta yi duka biyu ba. Ya ce gari ya cinye dandalin, gidaje sun kewaye shi, ƙofa ɗaya ce, ran da aka yi turereniya za a yi asarar rai. Malamin makaranta ya goyi bayansa, da ma an san zai yi.

Mani ya tashi ya yi magana har jijiyar wuyansa ta fito. Ya lissafa waɗanda aka kayar a wurin tun zamanin kakanninmu, mutanen Wagini, mutanen Darini, da ƙaton nan na Safana da aka fitar a kan ƙyaure. Ya ce ƙasar wurin ta san ƙafar 'ya'yanmu. Sahabi, wanda shi ne gwaninmu yanzu, ya rantse ba zai sa ƙafa a filin yara ba.

Ni na ce, “Ranka ya daɗe, shekara arba'in da shida ba ta kashe kowa ba sai akuya.” Aka yi dariya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Hakimi ya ce ya ba ni wata guda in duba ginin tun daga harsashi, abin da na faɗa shi zai kai Katsina. Daudu ya ce ya yarda, tunda ni ne masanin ƙasa. Ban san ko ba'a yake yi mini ba.

Asabar, 24 ga Satumba

Na je Safana a kan jaki don in ga filin da suka yi bara, wanda ake ta yi mana gori da shi. Fili ne kawai! Ba katanga, ba dakali, sai shingen aduwa da wata rumfar kwano ta manya. Iska na shiga ta ko'ina. Wani dattijo da na tarar yana kiwon tumaki a gefe ya ce mini ran wasa mata da yara kan zo da yawa yanzu, don ba a matse su. Na ce masa mu a Batsari kokawa muke zuwa kallo, ba shan iska ba.

Na dawo da ciwon baya. Matata Hansai ta ce wa ya aike ni. Matar nan ba ta taɓa goyon bayana a kan komai ba sai an gama.

Lahadi, 2 ga Oktoba

Na fara tona gindin katanga, ni kaɗai, don ba na son surutu. Yamma lafiya lau, ƙasa kamar dutse, sai da digar ta yi tsalle. Hannun Baba ke nan. Arewa ma haka.

Gabas kuwa, kamu ɗaya na tona ruwa ya taso. Na matsa gaba na sake tonawa, ruwa. Na zura hannu ƙarƙashin harsashin, na damƙo tubalin Baba ya narke a tafina kamar tuwon da ya kwana a miya. Kudu, inda dakalan mata suke, ya fi muni. Har sandata na tura, ta shige duka.

Na mayar da ƙasa na rufe ramukan.

Litinin, 3 ga Oktoba

Ban fita ba. Na ce wa Hansai zazzaɓi ne.

Talata, 4 ga Oktoba

Kududdufin ne. Ruwansa ke bi ta ƙarƙashi.

Lokacin Baba ɗan rami ne can nesa, taki sittin daga katanga, na tuna muna kama kwaɗi a ciki. Yau na auna, taki bakwai. Jar ƙasar wurin ba irinta a garin nan, ba ta tsagewa, ba ta son ciyawar ramno da yawa. Shekara ashirin da biyu daga nan nake ɗiba. Zauren Hakimi daga nan ne. Masallacin unguwarmu, shagunan kasuwa, ɗakin Hansai. Kowane rani in ce wa leburori su ƙara matsowa, nan ta fi kyau.

Ba ni kaɗai ke ɗiba ba ai. Kowa na ɗiba. Amma ni ne na fara, kuma ni ake bi.

Yaron nan Daudu ya gani tun ran da ya zo. Ya gani ya yi shiru, ya bar ni ina ta cika baki a gaban Hakimi. Wannan wane irin wulaƙanci ne?

Alhamis, 6 ga Oktoba

Yaya Turai ta ɗebe mini sauran haƙurin da nake da shi. Tun mutuwar mijinta take soya ƙosai a jikin katangar kudu saboda inuwa, jikokinta uku na wasa a gindinta. Na je na ce ta tashi daga nan yau ɗin nan. Ta ce a kan me? Na ce ta tashi kawai.

Ta ce, “Armaya'u, ba kai ne ka ce a gaban Hakimi ba ta kashe kowa ba sai akuya?”

Na ɗaga murya, har mutane suka waiwayo. Na ɗauki kaskon da kaina na kai shi ƙarƙashin itacen bedi, mai ya zubo mini a ƙafa. Ta biyo ni tana faɗa, sai kuma ta tsaya tana kallona. Ta ce, “Ka tona ke nan.” Na sunkuya ina goge man da ya zubo mini a ƙafa. Ta ce, “Baba da kansa ya rushe rumbun da ya gina wa Inna da ya ga ya tsage, kana ƙarami ba za ka tuna ba. Bai kwana yana shawara ba.”

Na tuna mana. Ita dai komai sai ta nuna ta girme ni.

Lahadi, 9 ga Oktoba

Na yi ta juya abin. Za a iya cike kududdufin, amma da wace ƙasa? Ya fi dandalin kansa faɗi, kuma nan ruwan unguwa uku ke taruwa, in an toshe shi gidajen mutane zai shiga. Za a iya ɗora sabuwar katanga a kan tsohon harsashi, a shafe ta da makuba ta yi kyau. Za ta kai kakar bana, wataƙila da ta baɗi. Ba wanda zai sani sai ni.

Mani ya aiko mini da cinyar rago. Na kasa ci.

Jumma'a, 14 ga Oktoba

Na faɗa.

Zaure ya cika fiye da wancan karon. Na ce yamma da arewa za su kai wata shekara arba'in, gabas da kudu kuwa ba su da harsashi, kuma ba zan ɗora gini a kansu mata da yara su zauna ba. Hakimi ya tambayi dalili. Daudu ya buɗe baki zai ce ruwan sama ne ya yi yawa bana, na ga alama so yake ya rufa mini asiri. Ban nemi alfarmarsa ba. Na katse shi na ce kududdufi ne, kuma ni na haƙa shi. Na ce aikin Baba ba shi da aibi, a rubuta haka a takardar da za a kai Katsina. Hakimi ya ce a rubuta.

Mani ya tashi ya fita ba sallama. A ƙofa Sahabi ya ce mini, “Baba, ka kayar da mu ba a ko kama ba.”

Asabar, 15 ga Oktoba

An ce a kasuwa wai Bature ya saye ni. Da me? Ko sannu bai ce mini ba.

Laraba, 9 ga Nuwamba

An fara rushewa. Na ce ba zan je ba, ban kuwa je ba sai da hantsi, shi ma don leburorin En'e ba su san ta inda ake fara sauke katanga ba, sai su kashe kansu a ce ginin Baba ne ya kashe su. Gefen yamma ya ba su wuya, diga biyu suka karye. Na tsaya na kalla har suka karya ta biyun.

Mani ya wuce bai gaishe ni ba. Shekara talatin muna cin tuwo a akushi ɗaya.

Litinin, 21 ga Nuwamba

Na bi ta bayan makaranta zan je duba wani gini, ba don filin ba. Na tarar Daudu ya kafa turaku ya ja igiya. Ya sa da'irar kokawa a kan tsandauri, inda duk wanda aka kayar sai ya karye, ya kuma juya wurin zaman makaɗa yana fuskantar yamma, rana ta ƙone musu ido tun daga la'asar. Na yi niyyar wucewa. Na kasa.

Na tumɓuke turakun na mayar da su wajen tsamiya. Na ce masa yashi za a kwaso daga rafi, mai laushi, kaurin taƙi guda, a tankaɗe shi. Dakali hawa uku bai isa ba, huɗu za a yi, ƙofa kuma uku. Yana ta rubutawa yana “To, Baba.” Ya tambaya ko zan karɓi aikin. Na ce ban ce ba.

Sahabi na tsaye can nesa da 'yan kokawa biyu, wai hanya ce ta biyo da su. Da na juya sai na ji ya ce wa Daudu yashin rafin Darini ya fi na nan. Ƙarya ne, na nan ya fi, gobe zan kai shi ya taɓa da hannunsa.

Na ce wa Hansai ta tashe ni da wuri.