An Zaɓe Ni, Amma Gadar Unguwarmu Ta Fi Ƙarfina

Assalamu alaikum Hajiya Memuna,

Don Allah ki taimaka mini da shawara, na kai inda ko zama wuri ɗaya ba na iyawa. Ki ɓoye sunana, ko da yake duk wanda ya san lungunmu a Aboabo, nan Ghana, zai gane ni.

Ni tela ce, ina da miji da 'ya'ya uku, kuma ban taɓa sa siyasa a raina ba. Shara ce ta jawo mini. Na riƙa tara matan unguwa ranar Asabar muna yashe kwata, har Magajiyarmu, shugabar matan unguwa, ta ce tunda ina da baki kuma ba na tsoron kowa, in tsaya takarar wakilin unguwa a asambili, wato majalisar ƙaramar hukumarmu. Na tsaya, na kayar da maza biyu. Tun daga ranar sunana ya ɓace, kowa Onarabul yake ce mini, har mai sayar mini da koko.

Akwai rafi da ya raba unguwarmu biyu. Gadar katako ce a kansa tun muna yara, ruwan bara ya tafi da ita. Masallacinmu da makarantar Islamiyya duk suna tsallake. Zagayawa ta babban titi yana da nisa, don haka aka jera duwatsu da tsofaffin tayoyi ana takawa.

Hajiya, ba inda ban je ba. Na je ofishin asambili, aka tura ni wurin injiniya. Mutumin kirki ne, ya zo da kansa ya duba, amma ya ce aikin ba ya cikin tsarin bana. Na je wurin masu kula da hanyoyi, suka ce gadar ƙafa ba tasu ba ce. Na hau trotro, motar hayarmu, daga tashar Kejetia na je ofishin ministan yanki, wani ma'aikaci ya ba ni kujera, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce in koma majalisata. Ɗan majalisarmu na ƙasa kuwa yana Accra. Da na miƙe a zaman asambili zan yi maganar, Turanci ya sarƙe mini, na juya yaren Twi, sai shugaban zaman ya ce batun ba ya cikin abin da aka shirya tattaunawa ranar. Na koma na zauna.

Ana cikin haka sai surukina, Baba Garuba, wanda shi ne ladanin masallacin, ya zame a kan duwatsun nan zai je kiran la'asar. Ƙugunsa ya karye. Yanzu yana kwance a ɗakinsa, in lokacin salla ya yi sai ka ga leɓɓansa suna motsi. Bai taɓa ce mini komai ba, in na kai masa abinci ma albarka yake sa mini, kuma wannan ya fi zagi yi mini ciwo. Mijina Fataw shi ma bai ɗora mini laifi da baki ba, amma ya daina tambayata yadda na baro ofis.

Yayan mijina, Abdul-Karim, da ke zaune a Kano, ya bugo waya yana faɗa. Ya ce a wurinsu da tuni an kai kuka ga kwamishinan ayyuka, in ya ƙi a tari gwamna a hanya, ya kuma tambaya mu wace irin gwamnati gare mu. Gaskiya ni kaina ban san wane ne gwamnanmu ba, ban san wa ke saman wa ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙanena Zuberu. Ya tara samari, sun ce za su tare babban titi su ƙona taya, kuma ni suke so a gaba. Ya faɗa mini a gaban mahaifiyarmu cewa in ban fito ba, to an saye ni. Matan da suka ɗaga ni sama ranar zaɓe yanzu wasunsu wani shago suke kai ɗinki. In na zauna a keke sai in ga na ɗinke hannun riga a baibai. In na fita ofis in ji shago nake so, in na dawo shago in ji kamar in koma ofis. Ga damina ta matso, hadari ya fara haɗuwa.

In bi Zuberu ne, ko in ajiye kujerar in koma ɗinkina? Ina jin kunyar duka biyun.

Taki,
Tela daga bakin rafi

Wa alaikumus salam ƙanwata,

Allah ya ba Baba Garuba lafiya, ya mai da shi kan kiran sallarsa. Ki fara sauke wannan daga wuyanki: ruwa ne ya ɗauke gada, ba ke ba.

Bari in amsa tambayar Abdul-Karim, don a nan ɓatan hanyarki yake. A Najeriya jiha gwamnati ce mai cin gashin kanta: jama'a ke zaɓen gwamna, shi ya naɗa kwamishinoni, majalisar jiha ta amince da abin da za a kashe. Mu a Ghana ba mu da wannan. Ministan yanki shugaban ƙasa ne ke naɗa shi, aikinsa sa ido da daidaita majalisun da ke ƙarƙashin yankin. Ɗan majalisa na Accra doka yake yi, ko da yake yana iya sa hannu a ƙananan ayyukan mazaɓarsa. Gadar ƙafa irin taku aikin asambili ce, wato majalisar da ke kanki kike zaune a cikinta. Kin yi ta yawo kina neman mai iko, alhali wani yanki na ikon yana hannunki.

Ga yadda aiki ke tafiya a can. Magana ba ta farawa daga babban zaure. Tana farawa ne daga ƙaramin kwamitin ayyuka, ta haura kwamitin zartarwa da shugaban asambili ke jagoranta, sannan ta zo gaban dukkan wakilai a sa ta cikin tsarin shekara da kasafi. Injiniya bai yaudare ki ba, abin da ba a sa a tsari ba ba shi da ikon taɓawa. Shugaban zama ma, wanda shi daban yake da shugaban asambili, bai wulaƙanta ki ba, ƙa'ida ya bi. Ki same shi tun kafin zama ki nemi a sa batun gada cikin jadawali. Ki nemi shugaban kwamitin ayyuka, ki kawo shi bakin rafin lokacin da yara ke tashi daga makaranta, ya gani da idonsa. Ki nemi wakilan da unguwanninsu ke bakin wannan rafin ku zama murya ɗaya, ki kuma roƙi wani tsohon wakili ya nuna miki hanyoyin gidan. Maganar Turanci kuma kada ta dame ki. Yi da Twi, za a ji ki.

Zuberu ba shi da laifi da ya fusata, amma hanyarsa za ta kai yaran mutane hannun 'yan sanda, ta kuma rufe miki ƙofofin da kike buƙata. Kada ki kore shi, ki ba shi aiki. Ku kira taron unguwa, da Sarkin Zango da liman da Magajiya, ki faɗa wa mutane gaskiyar abin da kujerarki ke iyawa da wanda ba ta iyawa. Sun juya miki baya ne don suna zaton kina da mabuɗi kin ƙi buɗewa. Daga nan tawaga ta je wurin shugaban asambili, ta kuma nemi ɗan majalisa idan ya zo gida. In daga baya zanga-zanga ta zama dole, a sanar da 'yan sanda yadda doka ta ce, a yi ta ba wuta.

Ba zan ɓoye miki ba, gadar siminti da wuya ta samu kafin wannan daminar. Don haka ki roƙi injiniyan nan ya nuna wa kafintocinku inda za a kafa ta wucin gadi mai ƙarfi, samarin Zuberu su yi aikin gayya. Hannun da zai ɗauki taya zai ɗauki katako.

Fataw kuma ɗa ne da ke kallon ubansa a kwance, shirunsa ba lallai ne da ke yake ba. Kada ki jira ya tambaye ki. Ki zauna ki ba shi labarin duk inda kika je, ki ce kina son ya raka ki taron. Ki kuma ware ranakun ofis da na shago, don Onarabul ba ta ciyar da 'ya'ya uku.

Kada ki ajiye kujerar. Duk wanda zai gaje ki sai ya fara daga ƙofar farko, ke kuwa kin riga kin san waɗanda ba sa buɗewa. Allah ya dafa miki, ya kawo ruwan bana da sauƙi.

Yayarki,
Hajiya Memuna