Abin da Za a Zuba wa Radisav

Zuwa ga ɗana Obrad, a Jamus.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Zorka da yara. Mamarka Stamena ce ke magana, maƙwabciyarmu Leposava ke rubutawa. In ka ga wata maganar da ba irin tawa ba, tata ce.

Mu nan lafiya, sai ƙafar nan. Itatuwan shiliva, da muke dafa barasa da su, sun yi 'ya'ya bana har rassa na karyewa, baffanka Tiosav ne ke tsinka. Shirin addu'ar cikar shekara da rasuwar babanka Radisav yana tafiya. Na gaya wa fada, limamin cocinmu, na sayi kyandir, na tsince alkamar da za a dafa. Tiosav zai yanka ɗan alade.

Takardarka ta iso. Ka ce za ka zo, na gode wa Allah. Amma ka ce za ka taho da wiski, barasar Ingilishin nan da kake kawowa duk shekara, wai ita za ka zuba wa babanka a kabari. Obrad, kada ka yi. Ka san abin da mutum ke sha yana raye shi ake zuba masa a ƙasa, kuma yana isa gare shi. Kakanka shiliva aka zuba masa. Babanka tun yana saurayi yake dafa barasar shiliva a tukunyar tagullar nan ta bayan gida, har ya mutu hannunsa yana warinta. Me mutane za su ce? Me fada zai ce? Ka zo da hannunka biyu kawai, shiliva akwai ta a gida.

Ka sa rigar sanyi. Allah ya tsare min kai.

Mamarka, Stamena.

Obrad, Leposava ce nan. Ka taho min da man gwiwa irin na bara. Kuma tun da na karanta wa uwarka takardarka ba ta ci abin kirki ba.

*

Mama,

Ina gaishe ki, ina gaida Baffa Tiosav da Inna Leposava. Man gwiwa na saya.

Maganar fada ki bar ta. Na ga an zuba wa mamaci kofi a maƙabartarmu, na ga an kunna wa wani taba an soka a ƙasa, fada bai ce komai ba.

Bari in gaya miki dalilina. Kin san ranar da zan taho nan Baba ya ce in na bar masa gona da tukunya, to na bar shi ke nan. Tun daga ranar bai sake yi min maganar da ta wuce «ka iso?» da «sai ka dawo» ba. Duk damina in na kawo masa kwalba, sai ya buɗe ya sunsuna, ya ce warin kuɗin cizo take yi, ya sa a kabad. Amma duk shekarar da na dawo, sai in tarar da kwalbar bara an shanye, an wanke, an kife ta a kan sandar shinge. Ban taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Kin san shi, gara ya haɗiye harshensa da ya ce abin da na kawo ya yi daɗi. Wannan kwalbar da ke kan shinge ita ce kawai maganar da ya taɓa yi min. Da ita na san ya huce.

A gaban mutane shiliva yake sha, na yarda. Amma ni na san abin da yake sha in ba kowa. Ranar jana'iza ban samu isowa ba. Wannan karon ki bar ni in ba shi da hannuna.

Ɗanki, Obrad.

*

Zuwa ga ɗana Obrad.

Gaisuwa da fatan alheri. Leposava ce dai ke rubutawa.

Na ji abin da ka ce. To, ka ji nawa. Masu binciken kan iyaka suna ƙwace kwalabe yanzu, ɗan maƙwabcinmu Milutin ya faɗa. Kuma baffanka ya ce in ya ga wiski a kan kabarin yayansa zai juya ya koma gida da aladensa. Kuma hanyar maƙabarta duk duwatsu ce, kwalba za ta fashe.

Obrad, kai in an gama addu'a mota za ka shiga ka koma Jamus. Ni fa? Ka ga dutsen da aka kafa masa? Sunana yana nan a gefen hagu an riga an sassaƙa, da shekarar haihuwata, wurin shekarar mutuwa ne kawai aka bari. Ni ce zan kwanta kusa da shi. Ka san babanka in aka ba shi abin da bai ce ba. Miya ma in gishiri ya yi yawa sai ya yi mako yana maganar. Can kuwa ba mako ba ne, kuma ba inda zan fita in ce zan duba kaji.

Ina jin tsoro, ɗana. Shi ke nan abin da zan iya faɗa a wannan takardar.

Mamarka.

Leposava ce. Maganar kan iyaka ƙarya ce, ɗan Milutin bai faɗi haka ba. Sau biyu uwarka na buɗe baki za ta faɗi wani abu, sai ta dube ni ta tashi wai za ta rufe kaji, da rana tsaka. Wai ni ce ba a yarda da bakina ba. Ni!

*

Zuwa ga ɗana Obrad.

Ina gaishe ka. Za ka ga hannun ya sake. Na shiga motar madara na zo gari wurin Malama Desanka, wadda ta koyar da kai a firamare. Ta ce ka iya lissafi amma rubutunka kamar kaza ta bi ta kan takarda. Na zo nan ne don abin da Leposava ta ji da safe, kafin a kaɗa ƙararrawar yamma ya kai ƙauye uku.

Babanka bai taɓa shan wiskinka ba. Ko ɗigo. Ni ce.

Kwalbar farko da ka kawo, kana tafiya ya ce in juye wa aladu. Ni kuma ka san ba na iya zubar da abu. Na bar ta a kabad. Da sanyi ya shigo haƙorina ya tashi, na jiƙa auduga da ita na danna. Haƙorin ya kwanta. Washegari ba ciwo, amma na sake jiƙa audugar.

Obrad, ni ban taɓa son shiliva ba. Tun da aka kawo ni gidan nan nake ɗaukar ruɓaɓɓun 'ya'yanta daga ganga zuwa tukunya, warin ya shiga gashina, ya shiga burodina. In aka miƙo min a biki, leɓe kawai nake taɓawa. Wa zan gaya wa? Matar Radisav guda ta ce ba ta son shiliva? Amma wannan taka hayaƙi take yi a baki. Irin hayaƙin bukkar kan dutse da babana yake rataye nama a ciki, lokacin ina yarinya. Ba ta yanka maƙogwaro, a hankali take sauka. Ɗan kofin nan mai tsaga a baki, rabinsa, in na gama da kaji. Kwalba ɗaya takan kai ni shekara.

Babanka ya sani. Ya shigo wata rana ya same ni da kofin. Na ce yau na mutu. Ya tsaya ya dube ni, ya ce, «Stamena, ashe duk shekarun nan da Ba'ingiliya nake zaune?» Na ce, «Haƙori ne.» Ya ce, «Wane haƙorin? Ai saura miki huɗu.» Daga nan in ya ga na nufi kabad sai ya ce, «Ranki ya daɗe, Madam, a kawo miki kujera?» Amma bai hana ni ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Sau ɗaya na miƙa masa, na ce ɗanɗana, na ɗanka ne. Ya ce shi ba ya shan ruwan wankin takalmi.

Na san abin da na raba ka da shi da wannan maganar. Tun da aka karanta min takardarka nake neman hanyar da zan bar maka shi, ban samu ba. In na yi shiru, za ka zuba masa abin da ya ƙi yana raye, a gaban Tiosav da fada, ya sha dole, kuma ni da na san gaskiya ina tsaye ina kallo. Wannan ba zai yafe min ba.

Tunda an fara faɗa, a ƙarasa. In tawa ta zo, ni wiski za ka zuba min. Ka zuba can gefen hagu sosai, ka lura ƙasar ta ɗan gangara wajensa.

Kada ka yi fushi da ni har ka ƙi zuwa.

Mamarka, Stamena.

*

Obrad ɗana,

Gaisuwa. Malama Desanka ce dai ke rubutawa. Mai kawo wasiƙa yana ta wuce ƙofata ba ya tsayawa. Yanzu in ya hango ni sai ya girgiza kai tun daga nesa. Addu'a ta matso, fada ya sake tambaya ko ɗan zai zo, na ce masa hanya ce ba kyau.

Akwai abin da ban faɗa ba wancan karon, don na ɗauka zagi ne, kuma na ga na ba ka abin da ya ishe ka. Na gaya wa Malama muna shan kofi, ta ce lallai in faɗa, ba ni ce zan yanke ko zagi ne ba.

Kwalbar da kake gani a kan shinge, ba ni nake wankewa ba. Shi ne. Da kansa, da toka da ruwan zafi, yana lallaɓa takardar jikinta don kada ta ɓare. In ta bushe sai ya sauka ɗakin ƙasa da ke ƙarƙashin gida ya cika ta da shiliva daga ƙaramar gangar nan da ba ya barin kowa ya taɓa, har Tiosav. Ba ya fito da ita sai ranar Waliyi Nikola, ranar bikin gidanmu a tsakiyar sanyi, kai kuma ba ka taɓa zuwa da sanyi ba. Sai ya ajiye ta a tsakiyar tebur. In baƙo ya ce, «Kai, Radisav, yau na Turai za mu sha?» sai ya ce, «Kwalbar ta ɗana ce, abin ciki nawa. Shi ya iya zaɓen kwalba, sauran sai a hankali.» A yi dariya. Ni dai a lokacin raina ɓaci yake yi.

Mai kyau ɗin nan bai taɓa zuba ta a wata kwalba ba sai taka. Ban san me yake nufi ba. Ban tambaye shi ba, ka san ba a tambayarsa.

Akwai guda ɗaya a ɗakin ƙasa, wadda ya cika kafin ya kwanta ciwo. Ban taɓa ta ba.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto. Ko zagina ne, Malama za ta karanta min, ta ce ba za ta rage komai ba.

Mamarka.

*

Mama,

Ina gaishe ki. Takardunki biyu sun iso. Ta farkon na yi kwanaki ban iya amsawa ba, kuma ba zan ce miki na gama hucewa ba.

Zan zo. Ki fito da kwalbar nan daga ɗakin ƙasa, ki goge ƙurar, kada ki taɓa takardar jikinta. Ni zan riƙe ta zuwa maƙabarta. Ki gaya wa Baffa Tiosav ya zo da aladensa.

Wiskin na riga na saya, kuma zan taho da shi. Ba na ƙasa ba ne, gefen hagu zai jira. Ki wanke kofin nan mai tsaga, ki nemo wani ki ajiye kusa da shi. A kan tebur, Mama, ba a kabad ba.

Ɗanki, Obrad.