Bana da Hantsi Muka Shiga Shekara

Harlem, New York
3 ga Janairu

Zuwa ga Gwaggo Alisabatu,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji, da fatan ke da Baba Ishaya kuna lafiya, ciwon gwiwar nan kuma ya yi sauƙi. Allah ya ƙara ƙarfin jiki. Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Takardar digirina ta iso, na kuma fara aiki a ɗakin gwajin jini, amma har yanzu koya mini ake yi.

Gwaggo, kin san al'adar gidanmu tun Baba yana da rai: daren shiga sabuwar shekara kowa ya durƙusa a ɗaki ɗaya, babban ɗa ya yi addu'ar farko. Bana Yaya Yunana yana Guam wajen aikin jinya, Mama kuma kamfanin da ke tura ta kula da tsofaffi ya sa ta aikin dare ranar talatin da ɗaya. Ta nemi canji, aka hana. Ta ce to su riƙe aikinsu, ita ba za ta shiga shekara a gidan wata ba, 'ya'yanta a warwatse. Kin san Mama in ta yi magana. A shekarunta kuma samun wani aikin ba wasa ba ne.

Bari in gyara abin da aka gaya miki: Guam ba a Hawaii take ba. Tsibiri ne a ƙarƙashin Amurka, can cikin tekun Pasifik, ya fi kusa da Filifin. Suna gabanmu da awa goma sha biyar, wato sha biyun darensu ƙarfe tara na safe ne a nan, ƙarfe uku na rana a Kafanchan. Ban yarda da lissafina ba sai da na sa Yaya ya nuna mini agogon bangonsa ta waya. Sannan na ce wa Mama, tun da babban ɗa ne ke buɗe mana shekara, ai inda yake nan shekarar gidanmu take farawa. Ta ce wannan dabarar 'yan boko ce, ita ba ta taɓa ganin an shiga shekara rana na kallon mutum ba. Ni kuwa na ji tsoron tambayar ta ko ta yarda.

Ranar talatin da ɗaya da safe na fito na same ta ta ɗaura zanen coci, shinkafa na kan wuta. Muka kira Yaya ta bidiyo, muka jingina waya da Littafi Mai Tsarki a kan tebur. Ga Yaya a bakin teku yana zufa, bayansa mutane na gasa kaji, yara na guje-guje a yashi, mu kuwa cikin rigunan sanyi. Mama ta ce ba za a yi mata addu'a da singileti ba, sai da ya ruga ya ari riga wurin abokinsa, saura kaɗan lokaci ya wuce. Yana farawa wasan wuta ya tashi, rabin addu'ar ba mu ji ba, amma Mama ba ta bar Amin ko ɗaya ya faɗi ƙasa ba. Maƙwabciyarmu Aminatou, 'yar Nijar, ta ji waƙa da safe ta bugo ƙofa a firgice, ta ɗauka rasuwa aka yi. Ita ma ta zauna ta ci shinkafa.

Da yamma Mama ta ɗauki jakarta ta tafi aiki, ba wanda ya ce mata ta tafi. Washegari ta ba ni labari cewa tsohuwar da take kula da ita ta yi mata barka da shekara, ita kuma ta gaya mata cewa gidanmu tun safe muka shiga, su ne suka makara.

Ki gaishe da Baba Ishaya, da Inna Rifkatu, da Tagwai da matarsa. Mama tana gaishe ku, tana barci yanzu, anjima za ta koma aiki.

'Yarki,
Hosanna