Gordon Ba Ya Saye, Ba Ya Tafiya

Anti Marlene, ki taimake ni kafin bakina ya rufe min kasuwa.

Shekarata ashirin da shida. Da rana ina canza taya a wani gareji nan Winnipeg. Da yamma in shige kabad ɗin kaya, tsakanin rigunan sanyi inda murya ba ta amsa-kuwwa, in naɗi labaran batsa da muryata. Mutum ya faɗi irin wanda yake so, in rubuta, in karanta, ya biya. Don Allah ban da wa'azi. Kowa a shafin intanet ɗin da nake sayarwa baligi ne, kuma mai gidan haya ba ya karɓar wa'azi.

Ban gama makaranta ba. Littattafan laburare ne suka koya min rubutu, a cikin bas nake karanta su. To yanzu ko shafi ɗaya ba na iya gamawa, kullum waya ce a hannuna, ina amsa wa mutanen da ba su da niyyar saye.

Shugabansu wani ne wai shi Gordon. Tun farkon saukar dusar ƙanƙara yake "shirin yin oda", ga shi har ta narke. Sai ya rubuto, "Gwani, kai dai ka iya zance. To in matar cikin labarin ta buɗe ƙofar me za ka ce? Ɗan ɗanɗana min." In zauna in tsara masa. Ya ce, "Kash, ka kashe ni! Ranar albashi zan biya." Anti, wannan mutum ko dai ba a biyansa albashi, ko kuma a duniyar wata yake aiki.

Makon jiya wata sabuwa ta zo da tambayoyi, ni kuma cike nake da haushin Gordon. Na ce mata, "Baiwar Allah, nan ba ofishin tambaya ba ne. In karatun kyauta kike so, ga bayan kwalin madara." Ashe da gaske ta zo saye, kunya ce ta sa take kewaye-kewaye. Ta kai ƙarata. Masu shafin sun ce ƙara ɗaya ta rage su rufe ni.

Yau da safe Gordon ya sake rubutowa. Na tsara masa zagi mai kyau, har da ƙafiya, ban dai tura ba. Na gaji, Anti. Ta yaya zan bambanta mai kunya da ɓarawon lokaci?

Mai Murya a Kabad

*

Ɗana Mai Murya,

Fara da goge zagin nan. Na san ya yi daɗi, amma bai kai kuɗin haya ba.

Haushinka yana kan hanya. Lokacinka ne aka ci, kuma gajiyar gaske ce. Sai dai Gordon bai yi maka fashi ba. Abin da yake so shi ne hirar, kai kuma kana miƙa masa kyauta, to don me zai saya? Kuma ka bar ni in faɗa maka wadda ba za ka so ba: mutumin da ya koyi rubutu shi kaɗai a cikin bas yana ƙishin wanda zai ce masa gwani. Gordon yana biyanka da yabo, kai kuma kana karɓa.

Ba sai ka karanta zuciyar kowa ba. Ka ajiye samfuri guda a shafinka, wanda kowa zai ji. Bayan shi, babu ɗanɗano sai an ba da kafin alƙalami. Mai kunya zai ji sauƙi, don an nuna masa ƙofar shiga. Mai ɓata lokaci zai ɓace da kansa, ba tare da ka zage shi ba. Wanda hira yake so, ka sa wa hirar farashi.

Matar nan kuwa, ka ba ta haƙuri a taƙaice, kada ka roƙi komai. Gordon ka rubuta masa cikin ladabi cewa za ku ci gaba idan ya biya. In ya dawo da yabo kawai, ka yi shiru. Ba a kai ƙarar shiru.

Gobe in ka shiga bas, waya ta zauna a aljihu. Ka buɗe littafinka inda ka tsaya tun kafin ƙanƙara. Ina yi maka fatan kasuwa mai albarka da baki mai sanyi.

Anti Marlene